Ɗan Koyo da Babur ɗin Tsere na Hannu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda sha'awar babur ta kama, ba a daɗewa idonsa ke faɗawa kan irin su Yamaha R6, Honda CBR600RR, Suzuki GSX-R da Kawasaki ZX-6R, ko ma yayyensu masu cc 1000. Sababbinsu sun fi ƙarfin aljihun yawancin mutane. Amma na hannu, wanda ya shekara goma ko sha biyar, sai ka tarar kuɗinsa bai wuce na ƙaramin babur sabo fil ba. Daga nan zuciya ke fara raɗa wa mutum: to me zai hana? Ga tambayoyin da masu wannan tunani suka fi yi.

A taƙaice, ya dace ɗan koyo ya fara da shi?

Bai dace ba. Waɗannan babura an ƙera su ne don filin tsere, aka ƙara musu fitila da madubi da wurin lamba don doka ta bar su hawa titi. Komai nasu an tsara shi don gwani wanda hannunsa ya faɗa: totur mai saurin amsawa, birki mai kamawa nan take, zama a duƙe. Ɗan koyo kuwa dole ya yi kuskure, domin da kuskure ake koyo. Abin dubawa shi ne, idan ya yi kuskuren, babur ɗin zai yafe masa ko zai hukunta shi. Babur ɗin tsere ba ya yafiya.

Ai cc 600 ne kawai. Ba matsakaici ba ne?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Adadin cc yana faɗa maka girman cikin inji ne kurum, ba ya faɗin ƙarfinsa. Ɗauki Kawasaki Ninja 650: cc 649, silinda biyu, ƙarfin doki wajen 67. Ɗauki Yamaha R6: cc 599, silinda huɗu, ƙarfin doki wajen 120. Wanda ya fi ƙarancin cc shi ne ya kusa ninka ɗan uwansa ƙarfi.

Sannan yadda ƙarfin ke zuwa ya sha bamban. Injin silinda biyu yana ba ka ƙarfinsa tun daga ƙasa, a hankali, kamar yadda ka murza. Injin tsere mai silinda huɗu kuwa, idan yana juyi 4,000 ko 5,000 a minti, sai ka ji shi lakwas, har ka ce ashe abin ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ƙarfinsa na gaske yana can sama ne, daga juyi 9,000 zuwa 14,000 da ɗoriya. Allurar ma'aunin juyin inji na shiga nan babur ɗin ke sauya hali. Ɗan koyon da ya yi mako biyu yana yawo a ƙasan allura ya saki jiki, wata rana zai wuce wata mota, ya rage giya biyu, ya murza, sai ya ji an fizge shi da ƙarfin da bai taɓa sanin yana nan ba.

Irin wannan babur yana kai kilomita 100 a awa daga tsaye cikin daƙiƙa uku da 'yan kai, kuma a giyar farko ma yana wuce ɗarin. Masu cc 1000 ba a magana: Yamaha R1 na farko da ya fito a 1998 yana da doki 150, na 2015 ya kai 200.

To idan na kama kaina fa? Ni ba mai ganganci ba ne, zan bi a hankali.

Wannan ce hujjar da kowa ke kawowa, kuma mai faɗarta da gaske yake. Sai dai tana ɗauka cewa haɗari daga son gudu kawai yake zuwa. Yawancin faɗuwar ɗan koyo ba ta da alaƙa da niyyarsa. Hannunsa ne bai riga ya koyi aikin ba.

Dubi abin da ke faruwa a kusa. Kana tafiya a giya ta biyu, tayar gaba ta faɗa ɗan rami da ba ka gani ba. Jikinka ya yi baya, hannunka na dama yana riƙe da totur gam saboda fargaba, sai ya murɗa shi ba da saninka ba. A kan babur mai doki 40, injin zai yi ƙara, ka ɗan zabura, ka sassauta, shi ke nan. A kan mai doki 120, zaburar da zai yi za ta ƙara jefa ka baya, jefawar ta ƙara murɗa totur ɗin, kafin ƙwaƙwalwarka ta gane abin da ke faruwa gaban babur ya ɗaga ko ka riga ka isa bayan motar da ke gabanka. Duk wannan bai kai daƙiƙa biyu ba. Ina kamun kai ya shigo a nan?

Haka sakin kuloci da garaje a danja. Haka murza totur a tsakiyar kwana alhali babur na kwance: tayar baya ta zame, mahayin ya firgita ya saki totur gaba ɗaya, tayar ta sake kama kwalta farat ɗaya, babur ɗin ya cilla shi sama. Masu tsere sun fi tsoron wannan faɗuwa a kan kowace iri, domin ita ce ke karya ƙashin wuya da kafaɗa.

Akwai kuma maganar da ba a so a faɗa. Wanda ya sayi babur saboda ƙararsa da gudunsa, wata rana zai tarar da miƙaƙƙen titi fayau babu kowa. Alƙawarin da ya yi wa kansa ranar ciniki ba lalle ya tuna da shi a wannan lokacin ba.

Ina ce birkinsa mai ƙarfi kariya ce gare ni?

Ga gwani, kariya ce. Faifan birki biyu ne manya a gaba, yatsa biyu sun isa su tsayar da babur ɗin daga gudun da ya wuce hankali. Birkin gaba shi ke yin kashi 70 cikin 100 na tsayawa ko fiye, a kan babur ɗin tsere ma ya zarce haka, don nauyi na komawa gaba har tayar baya ta kan ɗaga. Amma ana matsa shi ne mataki-mataki: a fara taɓawa, nauyi ya sauka kan tayar gaba, sannan a ƙara matsewa. Ɗan koyo da mota ta ɓullo masa ba zato, damƙa yake yi da yatsu huɗu gaba ɗaya. Tayar gaba ta kulle, kuma tayar gaba in ta kulle ba ta jiran shawara, kana ƙasa kafin ka ankara.

Lissafin gudu ma ba ya tausayi. A kilomita 100 a awa kana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan ka ninka gudu, nisan tsayawa yana ninkuwa sau huɗu: abin da za ka tsaya a mita 14 daga gudun 50, sai ya ci wajen mita 56 daga gudun 100, ban da nisan da ka ci kafin ka taɓa birkin. Matsalar babur ɗin tsere ita ce gudun 100 a kansa ji kake kamar 60.

Yaya yake a cikin gari?

Wahala. Hannayensa suna ƙasa, wurin ɗora ƙafa yana sama can baya, nauyinka na kan wuyan hannu. Kanka a sunkuye yake, don haka ganin nesa da waiwaye duk sai da ƙoƙari, madubin kuma rabinsa gwiwar hannunka yake nuna maka. Kan babur ɗin ba ya juyawa sosai, shi ya sa juyowa a ƙaramin titi ke kayar da sababbin mahaya a gudun da bai kai na mai tafiya da ƙafa ba. Kujerar R6 na baya-bayan nan tsayinta milimita 850 ne, ta Ninja 400 kuwa 785, bambancin da gajeren mutum zai ji a tafin ƙafarsa duk lokacin da ya tsaya. A cunkoso injin yana ɗaukar zafi, ya riƙa hura maka shi a cinya.

Abin da ya fi wannan muhimmanci: titi makaranta ce mai darasi biyu. Akwai sarrafa babur, akwai karanta hanya, wato gane direban da zai juyo bai ba da sigina ba, ko yashin da ke kwance a bakin kwana. Hankalin ɗan koyo ba shi da yawan da zai raba. Idan duk ya ƙare wajen lallaɓa totur don tsoron babur, ba abin da ya rage na kallon hanya.

Akwai alƙaluman da ke nuna haka, ko dai tsoratarwa ce?

Akwai. A 2007 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta don binciken haɗurran hanya, ta fitar da rahoto cewa mahaya baburan tsere na titi suna mutuwa kusan ninki huɗu na mahaya baburan yau da kullum. A alƙaluman 2005, mutum 22.5 ne suka mutu cikin kowane babur ɗin tsere 10,000 masu rajista, a ɗaya ɓangaren kuwa 5.7. Don adalci, ba injin kaɗai ke da laifi ba: irin wannan babur yana jan matasa masu son gudu, su ma suna cikin lissafin. Sai dai mai karanta wannan shafi ya tambayi kansa ko ba ya cikin waɗanda ake nufi.

Akwai kuma tsohon binciken da Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta, wanda ya fito a 1981 bayan nazarin haɗurra 900 a yankin Los Anjalas. Fiye da rabin waɗanda suka yi haɗarin ba su kai wata biyar a kan babur ɗin da suka faɗi da shi ba, kuma kashi 92 cikin 100 ba su taɓa samun horo na tsari ba, da kansu suka koya ko wajen 'yan uwa da abokai. Binciken ya tsufa, babura sun canja, amma watannin farko har yanzu su ne masu haɗari.

Me dokokin ƙasashe suka ce?

Ƙasashe da dama sun riga sun yanke hukunci. A Tarayyar Turai, tun Janairun 2013, matashi yana bi ta lasisin A2, wanda bai yarda da babur da ya wuce kilowat 35 ba, wato doki 47. Sai ya shekara biyu a kai, ko ya kai shekara 24, kafin ya samu cikakken lasisi. Ana iya rage wa babban babur ƙarfi don ya shiga A2, amma da sharaɗin asalin ƙarfinsa bai wuce kilowat 70 ba, don haka R6 da takwarorinsa ba su ma shiga layi. A Ostareliya tsarin LAMS ya taƙaita ɗan koyo ga cc 660 da kilowat 150 a kowane tan na nauyi. Baburan tsere masu cc 600 sun tsallake sharaɗin farko, na biyun ya kayar da su. Jafan, inda ake ƙera yawancinsu, tana da lasisi dabam ga duk abin da ya haura cc 400. A yawancin jihohin Amurka kuwa babu irin wannan iyaka. Inda doka ta yi shiru, mutum ne zai sa wa kansa.

Na daɗe ina tuƙa mota, kuma na taɓa hawa ƙaramin babur. Har yanzu ni ɗan koyo ne?

Mota ta koya maka halin direbobi, wannan riba ce, amma ba ta koya wa hannunka komai ba. Shekaru a kan babur mai cc 100 ko 125 sun fi amfani: ka san kuloci, ka san daidaita jiki. Sai dai wannan babur doki goma ne ko ƙasa da haka, ka saba murza totur har ƙarshe ba abin da ya faru. Wannan sabon shi ne zai cuce ka a kan injin da ya ninka shi sau goma sha biyu. Ka bi ta matakin tsakiya.

Kasancewarsa na hannu yana ƙara wata matsala?

Sosai ma. Da wuya ka samu babur ɗin tsere mai shekara goma sha biyar da bai taɓa shan ƙasa ba, ya kuma bi ta hannu huɗu ko biyar, galibi matasa masu kuɗin saye amma babu na kulawa. Araha ba ta ado. Sannan ɗan koyo bai san yadda lafiyayyen babur yake ji a hannu ba, don haka idan nasa yana jan gefe ɗaya ko yana rawa a kwana, sai ya ɗauka rashin iyawarsa ne.

Idan za ka duba kowane babur na hannu, babba ko ƙarami, ka tafi da makanikin da ya san irinsa. Ka ce wa mai shi kada ya tayar kafin ka zo, kana isa ka ɗora hannu a kan injin. Idan da ɗumi, an ɗumama shi ne don ɓoye wahalar tashi ko hayaƙi. Ka durƙusa ka dubi ƙarshen hannaye, da bakin mariƙin birki da na kuloci, da wurin ɗora ƙafa, da murfin inji ta gefe: nan ƙasa ke barin sa hannunta. Sabon bodi mai ƙyalli a kan tsohon babur tambaya ce, ba abin murna ba. Juya kan babur ɗin dama da hagu har ƙarshe, ka leƙa ɗan ƙarfen da ke tare shi a jikin firam. Idan ya lotsa ko an yi masa walda, babur ɗin ya sha mugun karo. Shafa sandunan da ke riƙe tayar gaba da yatsa, in ka ji danshin mai, robarsu ta mutu. Ƙananan huji a kan kusoshi, musamman na wurin zubar da baƙin mai da na birki, alama ce an ɗaure su da waya don shiga filin tsere.

A jikin taya akwai lamba huɗu ta ƙarshe da ke faɗin ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta bai cinye ba. Haƙoran da sarƙa ke bi idan sun lanƙwashe sun yi tsini, duk saitin ya tashi aiki. A gwajin tuƙi, wanda ya kamata gwani ya yi maka, a matsa wa giya ta biyu. Idan tana fita da kanta, an sha ɗaga gaban babur da ita, kuma gyaranta sai an farke inji. Daga ƙarshe, lambar firam mai harafi da lamba 17 ta yi daidai da ta takardu. In an kankare ta ko mai shi yana kame-kame, juya ka tafi, domin waɗannan babura ɓarayi na son su.

Na ji sababbi suna da ABS da na'urar hana zamewa. Ba su magance matsalar ba?

Sun rage ta, amma wanda kake shirin saya da wuya yana da su. ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, BMW ce ta fara sa ta a babur a 1988, sai dai baburan tsere sun makara wajen karɓarta. CBR600RR ya samu a 2009, shi ma ga wanda ya ƙara kuɗi. R6 bai samu ba sai 2017. Turai ta wajabta ta ga sababbin baburan da suka wuce cc 125 daga 2016. Kenan masu arahar nan na 2003 zuwa 2012 galibinsu hannunka ne kaɗai tsakaninka da kwalta. IIHS ta gano a 2021 cewa babura masu ABS sun fi ƙarancin haɗarin mutuwa da kashi 22 cikin 100. Ƙaramin babur mai ABS ya fi babba marar ita amfani ga ɗan koyo nesa ba kusa ba.

Maɓallin rage ƙarfi da wasu ke da shi, kamar na Suzuki tun 2007, maɓalli ne, kuma babban yatsanka na kusa da shi.

Ɗawainiyarsa fa?

Kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a ciki. Tayar baya mai faɗi, mai laushi, kilomita dubu kaɗan take yi. Yana shan fetur kusan kamar ƙaramar mota idan ana matsa masa. Inshorarsa ga matashi sabon lasisi takan yi tsada ƙwarai. Kuma ko a tsaye ya kife, wanda kusan kowane ɗan koyo sai ya yi, bodin roba da fitila da madubi za su ci abin da zai sa ka yi tagumi.

Ba zan gaji da ƙaramin babur cikin wata uku ba?

Idan miƙaƙƙen titi kawai kake bi kana murzawa, za ka gaji da kowane babur. Wanda ya ce ya gama da mai cc 400 a wata uku, a tambaye shi: zai iya tsayawar gaggawa daga gudun 80 ba tare da taya ta ja ba? Zai iya juyowa a faɗin titi ɗaya ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba? Ya san cewa a gudu, idan kana son kwanta dama, hannun dama kake turawa gaba? Idan kwana ta matse masa, idonsa na kan mafita ko na kan ramin da yake tsoro? Babur inda ido ya kalla yake zuwa. Ƙaramin babur yana ba ka damar gwada waɗannan sau ɗari ba tare da ranka na hannunka ba, shi ya sa wanda ya fara da shi yakan wuce wanda ya fara da babba a shan kwana bayan shekara ɗaya. Ƙananan kuma ba sa kwantai: kullum akwai sabon ɗan koyo da ke nema.

To da wanne zan fara?

Idan siffar tseren ce ke burge ka, akwai Yamaha R3 mai cc 321 da doki 42, da Kawasaki Ninja 300 ko 400, da Honda CBR500R mai cc 471 da doki 47. Duk suna wuce iyakar gudun babbar hanya cikin sauƙi. Mai girman jiki, ko wanda ya riga ya goge a ƙaramin babur, yana iya duba Suzuki SV650 ko Ninja 650, kodayake su ne iyaka, ba mafari ba. Ka nemi mai ABS. Ka ware kuɗin hular kwano mai rufe haɓa, mai tambarin ECE, wato shaidar ta ci gwajin inganci na Turai, ko makamancinsa, da safar hannu, da riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya, da takalmin da ya rufe idon sawu, tun kafin ka fara ciniki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo cewa hular kwano da aka ɗaura daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Hular kwano dai ba a sayen ta hannu, domin fashewar cikinta ba ta nunawa a waje.

Abokina da cc 1000 ya fara, ga shi nan lafiya lau.

Allah ya ƙara kiyaye shi. Waɗanda suka fara tare da shi abin bai yi musu kyau ba, ba sa zuwa wurin hira su ba da nasu labarin.

Na riga na saya. Yanzu fa?

Shawara mafi kyau ita ce ka ajiye shi, ka cire batir, ka samo ƙarami mai araha ka yi shekara guda a kai. Idan hakan ba zai yiwu ba, kada ka fara hawa sai makaniki ya duba taya da birki da sarƙa da kan babur, an sauya ruwan birki, wanda ya kamata a riƙa sauyawa duk shekara biyu. Ka shiga makarantar koyon tuƙin babur ka koyi matakan farko a kan ƙaramin nasu. Bayan haka ka nemi fili mai kwalta wanda babu motoci, ka yi ta maimaita tashi da tsayawa da juyi da birkin gaggawa daga gudun 30, sannan 50. Riƙe babur da cinyoyinka a jikin tanki, hannu a sake, wuyan hannun dama a ƙasa don kada gargada ta murɗa maka totur. A watannin farko kada allura ta wuce juyi 6,000, kada ka fita cikin ruwan sama ko da dare, kada ka goya kowa, kuma kada ka bi ayarin abokai da suka fi ka gogewa, domin a ƙoƙarin kamo su ne ake shiga kwana da gudun da ba a iya fita da shi.